Layin da Bai Rubuta Ba

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan azahar

A bayan littafin darasina nake wannan rubutun, don ba ni da wanda zan gaya wa. Gidan cike yake da mutane, amma duk wadda ta shigo sai ta ce in yi haƙuri in yi ta addu'a, sai ka ce sun ga na daina.

Yau kwana biyu maigidana yana asibiti a Kano, tun da ya yi haɗarin babur. An hana ni zuwa. Inna Hure, mahaifiyarsa, ta ce wurin ba ya ɗaukar mai jinya biyu, yayarsa Halimatu Sadiya ta isa. Ɗazu na kira Yaya Sadiya a ƙaramar wayata na tambaye ta ko ya yi magana. Sai ta ce, "Ramlat, kin ci abinci kuwa?" Ba abin da na tambaya ke nan ba.

Ranar Alhamis da la'asar muna zaune a tabarma, wannan littafin yana kan cinyarsa. Shi ya sa sunana a ajin koyon rubuta manhaja na mata, wanda Malama Zakiyya take koyarwa daga Kano ta waya. Da na ce ina ni ina wannan abu, cewa ya yi, "Ke da kika addabi maza da lissafi a sakandare, yanzu kin ƙare a ƙirgar kaji?" Shi babu wanda ya koya masa. Manomi ne, ranar kasuwa yana gyaran waya, da karambani ya iya abin da ya iya.

An ba mu aiki na uku, ya sha mini kai, shi ne yake nuna mini. Ya rubuta layi biyar sai aka yi sallama a waje, wai buhunan gyaɗa ne za a kai Tsanyawa a babur. Ya cusa biron a tsakiyar littafin ya miƙe. Ya ce, "Saura layi ɗaya. Kar ki taɓa mini, sarkin zumuɗi, in na dawo zan nuna miki."

Ban taɓa ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da hantsi

Yaya Sadiya ta ce da sauƙi. Muryarta ba ta ce haka ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Gara in rubuta aikin a nan, ko kaina zai sami abin riƙewa. Malama ta ce mu rubuta manhajar da za a ba ta lamba ta juya ta, a ba ta 123 ta ce 321. Kuma da lissafi za a yi, ba a yarda a yi wayo a karanto ta daga baya ba. Duk wadda ba ta tura ba kafin ƙarfe shida na yammacin Juma'a, 24 ga wata, za a cire sunanta a sa wata, don akwai mata da yawa da ke jiran gurbi.

Ga abin da ya rubuta, da rubutunsa mai kama da tonon kaji. Da Hausa yake raɗa wa abubuwa suna, wai don kada na'ura ta raina mu:

lamba = 123
juyi = 0
while lamba > 0:
    karshe = lamba % 10
    juyi = juyi * 10 + karshe

Na gane waɗannan. Layi na uku yana cewa a yi ta maimaitawa muddin akwai sauran lamba. Na huɗu yana raba ta da goma ya ɗauki abin da ya rage, wato lambar ƙarshe, uku. Na biyar yana matsar da abin da aka tara ya ba sabuwar wuri. Daga nan sai farar takarda.

Babbar wayar da muke aikin da ita tana aljihunsa da ya fita. Ban tambayi kowa inda take ba, kunya nake ji a ce waya nake nema.

Maƙwabta sun yi gayya sun ciro mana gyaɗar gonar gabas. Da sun jira shi, don ba ya son a jibge ta wuri ɗaya.

Talata, 7 ga Oktoba, da magariba

Na kira sau huɗu. Ba a ɗauka ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sun dawo da shi da hantsi. Kafin azahar an gama komai.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan azahar

An yi gumba an raba, baƙi sun fara raguwa. Tsofaffi sun zaunar da ni sun karanto mini dokoki, kowace tana ƙara nata. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba ɗaga murya, ba leƙa ƙofar gida. Wata huɗu da kwana goma. Wata gwaggo da ban taɓa ganin ta a gidan nan ba ta ce, "Kwana ɗari da talatin ne, 'yar nan, kamar yau ne." Na so in tambaye ta ko ita ce za ta zauna mini su.

Da mutane suka watse Yaya Sadiya ta shigo da baƙar leda ta ajiye a gefen gado. Ta ce, "Kayan aljihun Sama'ilu ne." Hula, makullin akwatin gyara, da wayar. Fuskar wayar ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, amma da na jona ta a 'yar solar da ya kafa a kan rufi sai ta kawo wuta.

Ita ta tashi. Wallahi haushinta na ji.

Litinin, 13 ga Oktoba, da hantsi

Na kwafe layukansa biyar a cikin wayar, harafi da harafi, na ƙara umarnin da ke nuna amsa a ƙasa tunda shi na iya tun darasin farko. Na danna.

Shiru. Ba ta ce na yi kuskure ba, ba ta kuma ba ni amsa ba. Na jira. Bayan wayar ya soma ɗumi, can ya yi zafi sosai har na sa ta a kan zani. Na latsa ko'ina ta ƙi ji. Sai da na kashe ta gaba ɗaya.

Na sake kunnawa na sake dannawa. Haka dai. Sau uku na yi, kuma a gaskiya na ukun ba don amsa na yi ba. Ɗumin nake so. Da haka nake karɓar ta daga hannunsa in ya daɗe yana latse-latse.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Raina a ɓace yake, bari in rubuta kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Wasu mata daga unguwar yamma sun zo gaisuwa suka same ni da wayar a hannu. Ban ma ji sallamarsu ba. Suka kalli juna. Da suka fita tsakar gida ina jin ɗaya tana cewa, da muryar da ta tabbatar zan ji, "Ko bakwai ba a yi ba, har an soma latse-latse. Yaran zamani sai addu'a." Ita da ta zo gaisuwa da ƙullin goro a kumatu tana tambayar ko akwai sauran gumba.

Bayan sun tafi Inna ta shigo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙo hannu kawai ta ce, "Kawo in ajiye miki. Mai takaba carbi take riƙewa." Na ce Inna karatu ne, shi ya sa ni. Ta ce, "Na ji. Kawo."

Na ba ta. Na ji ƙarar murfin akwatinta daga ɗakina.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Bakwai. An yi sauka, an ci, an tafi. Saura kwana tara a rufe karɓar aiki, kuma ina jin kunyar cewa ina ƙirga wannan ma.

Juma'a, 17 ga Oktoba, lokacin da maza suka tafi masallaci

Tunda babu waya, na zama ni ce na'urar. Na ɗauki fensir na bi layukan ɗaya bayan ɗaya a takarda, kamar yadda Malama ta ce mu riƙa yi in abu ya cije.

Zagaye na farko: lambar ƙarshe uku, an tara 3. Na koma sama. Lamba tana nan 123, ta fi sifiri, sai a sake. Lambar ƙarshe uku, an tara 33. Na koma sama. Tana nan 123. Uku, 333. Uku, 3333. Na cika rabin shafi da uku kafin hannuna ya tsaya.

Ashe abin da wayar take yi ke nan har take zafi. Tana zuwa ta ɗauki ukun, ta dawo ta tarar ba abin da ya ragu, ta sake komawa. Ba ranar gamawa, don ba a ce mata ta cire wadda ta riga ta ɗauka ba.

Na san layin da ya rage. Yana nan a kaina sarai, gajere ne, ko numfashi ɗaya bai kai ba. Da yana nan da na yi masa gwalo na ce ban buƙaci ya dawo ba ma.

Na rufe littafin. Biron yana inda ya bar shi.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da hantsi

Yau fushi nake da shi, kuma ban damu ba in haramun ne. Buhu uku na gyaɗa. Da ya ce su jira ya gama layi ɗaya, wa zai mutu? Kullum haka yake, ba ya iya cewa a'a, ko akuya ce ta yi sallama sai ya fita. Ya ce in na dawo. Wa ya ce masa ya ce haka?

Astagfirullah. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, sannan na tashi na share ɗaki sau biyu.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Malama Zakiyya ta kira ni a ƙaramar waya. Wata 'yar ajinmu ta Gezawa ce ta gaya mata. Ta yi mini gaisuwa mai kyau, ba ta cika ni da wa'azi ba, Allah ya saka mata. Sannan ta ce, "Ramlat, ba zan ɓoye miki ba, maganar ranar Juma'a ba a hannuna take ba. Ƙarfe shida nake tura sunaye. In babu aikinki, sai in na yi ƙarya, kuma ba zan yi ba."

Na ce mata wayar ce ta lalace. Ƙarya na yi, ni da nake takaba.

Ta ce ko a takarda ne in rubuta, a ɗauki hoto a turo. Na ce to. Ban gaya mata cewa a gidan nan kira kawai yake shiga ba, saƙo ba ya fita sai an je gindin ɗorawar bakin hanya an ɗaga hannu, ni kuwa ko zaure ba a bari in taka. Ban kuma gaya mata cewa ko an buɗe mini ƙofa an miƙo mini wayar, ba na jin zan iya ba. Ya ce kar in taɓa. Wasa yake, na sani, ni ba mahaukaciya ba ce. Amma muddin wurin nan yana fari, ji nake kamar Tsanyawa ya je.

Yaya Sadiya ta koma gidanta a Makoda da safe. Mun rage ni da Inna, kowa da ɗakinta.

Talata, 21 ga Oktoba, da la'asar

A cire sunan. Wata ta samu. Da ma ƙirgar kaji ta fi dacewa da ni.

Laraba, 22 ga Oktoba, da la'asar

Ba na so a cire. Shi kaɗai ne abin da ya bar mini wanda bai ƙare ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan dalla-dalla, don ba na so in manta.

Inna ta shigo kawo mini fura ta same ni da littafin a buɗe. Na yi saurin rufewa, ta ce in bar shi. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san hannun ɗanta. Ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwarta, ta sa yatsa a kan layukan.

"Wannan nasa ne?"

Na ce e, ranar Alhamis ɗin ya rubuta.

"Me ya ce a ciki?"

Na rasa ta inda zan fara. Idona ya kai kan kwanukan da ke jere a kan kabad, na sauko da uku. Na ɗora su ɗaya kan ɗaya, ja a ƙasa, fari a tsakiya, shuɗi a sama. Na ce, Inna, so ake a juya jerin, na sama ya koma ƙasa. Ya ce a dubi na sama, a kawo irinsa nan gefe a ajiye. Sai a koma a sake duban na sama, a kawo irinsa a ɗora. A yi ta yi har jerin farko ya ƙare.

Ta ce in yi ta gani. Na taɓa shuɗin na ce shuɗi, na nuna gefe. Na dawo na sake taɓa shi na ce shuɗi. Kafin in yi na uku ta buge mini hannu.

"Yo ke wace irin mace ce? Ai ba ki ɗauke shi ba. In ba ki ɗauke na sama ba ta ina za ki ga farin? Haka za ki kwana kina shuɗi, shuɗi."

Na ce, Inna, wurin da bai rubuta ba ke nan. Nan aka yi sallama.

Ta dube ni. Ina jin a nan ta gane ba rashin sani ne ya hana ni ba. Ta ce, "Kin san shi?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun Juma'a. Na ce ya ce kar in taɓa sai ya dawo.

Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba, ko ranar Laraba a ɗaki ta kulle kanta. Yau ta yi a gabana, ba sauti. Ta ce ita ma tuwonsa take sakawa. Kullum in ta zo kwashewa sai ta ga ta yi malmala uku, sai ta ba kaji ɗaya da sassafe don kada in gani.

Ta share fuska da gefen zani. Ta kama hannuna ta ɗora a kan kwanon shuɗi. Ta ce, "Ɗauke shi, Ramlatu. Sama'ilu ba ya barin aiki rabi, ko kunya ɗaya ta rage a gona ba ya iya cin abinci. Kar ki bar masa wannan a buɗe."

Na ɗauke. Sai ga farin a ƙasa.

Ba ta ce komai a kan waya ba. Amma da na fito alwalar magariba na tarar da ita a bakin ƙofata, an naɗe ta a cikin ɗankwali.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Na zare biron. Wurin ya yi shaida a takardar, dogon kwari a tsakiya. A ƙarƙashin layinsa na biyar na rubuta:

    lamba = lamba // 10

Wato a yar da ta ƙarshen, a ci gaba da sauran. Shi ke nan. Abin da na yi kwana bakwai ina gudu ke nan.

Na sa a wayar na danna. Kafin in ɗaga yatsa ta ce 321, ta tsaya. Na riƙe ta ina jira ta yi ɗumi. Ba ta yi ba.

Na gwada wasu lambobi, duk daidai. Sai na sa 130, ban san me ya kai ni ba. Ta ce 31. Na zaci kuskure ne, sai na tuna Malama ta ce sifiri in ya zo gaba ba a rubuta shi, daidai ne a lissafi. Na mayar mata da 31, ta ce 13. Ba ta komawa yadda take. Ban sake gwada wannan ba.

A saman aikin na rubuta wa Malama gaskiya: wayar ba ta lalace ba, kuma layi biyar na maigidana ne, ɗaya nawa, amma na fahimci duka shidan, ta tambaye ni duk wanda take so. In ta ga bai halatta ba ta cire ni, ba zan ji haushi ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na rasa wanda zan aika gindin ɗorawa. Ina cikin tunani sai ga Inna ta fito da mayafi da takalmanta na zuwa unguwa. Ta ce, "Me ake dannawa?" Na ce ba komai, na riga na danna, ta je kawai ta ɗaga ta sama ta ɗan jima.

Ta ɓular katanga na kalle ta. Tana tafiya tana dafa gwiwa, ta ratsa ta tsakanin karan dawa, ta wuce matan unguwar yamma da ke tsinkar gyaɗa a inuwa. Sun bar aiki suna kallon ta. Ko juyawa ba ta yi ba. Ta tsaya daidai inda yake tsayawa, ta ɗaga wayar da hannu biyu sama da kanta. Na ce ta ɗan jima, amma ta fi rabin awa a haka, wai don kada ya fita rabi.

Da ta dawo akwai saƙon Malama a ciki. Na karanta wa Inna: "Na gani. Layi na shida shi ne wanda rabin aji suka faɗi a kansa. Sunanki yana nan. Allah ya jiƙan malaminki na farko."

Inna ta ce amin. Ta zauna a tabarma, a gefen da yake zama, tana murza gwiwa. Can ta ce, "To gobe kuma wane aiki za a ba ku?"

Na ce ban sani ba tukuna, Inna. Na buɗe shafi na gaba don in sa kwanan wata. Babu rubutun kowa a kai.